Garinmu Na Biyu

A shagon cajin Tasi'u, bayan isha'i,
inda batirin sola ke nishi kamar tsohon jaki,
muke buɗe kwamfutar da yayana ya bar mini
ranar da ya tafi Fatakwal neman na kansa.

Ban taɓa ganin teku ba.
Babban ruwan da na sani kogin Haɗeja ne
in ya fusata a tsakiyar damina.
Amma ga ni a bakin gaɓa, jan gemu har ƙirji,
gatari a kafaɗa, fatar kyarkeci a wuya,
wai ni ne Baikin.
Ni Hafizu na Auyo, mai noman albasa.

Mu huɗu ne a jirgin.
Tasi'u na sara itace da wayarsa mai tsagaggen gilashi.
Zuwaira daga makarantar jinya a Dutse
tana banda kifi, tana yi mana faɗan ɓarna.
Mudassir, yayana, shi ne mai garkuwa,
sai dai sabis ɗin Fatakwal ba shi da alƙawari:
yakan daskare tsaye a gaban dabba,
hannu a sama,
har a cinye shi muna kiran sunansa.

Sanyin farko ya kashe mu duka.
Ƙanƙara ta rufe gonar, ba mu tanadi ko zangarniya ba.
'Ya'yan manoma huɗu
suka mutu da yunwa don sun manta da rumbu.
Zuwaira ta ce kada kowa ya ji wannan a gida.

Ran nan Baba Ɗan'azumi magini
ya shigo karɓar tocilarsa,
ya tsaya a bayana yana warin taba da laka.
Muna ɗora rufin babban zaure.
Ya daɗe yana kallo, ya yi tsaki:
"Wa ya koya muku azara ba ginshiƙi?"
Na ce, Baba, ai wasa ne.
Ban rufe baki ba rufin ya rufto,
ya danne Tasi'u da akuyarmu ɗaya tilo.

Ya jawo benci. Bai taɓa maɓalli ba, ko sau ɗaya,
yatsa kawai yake nunawa.
Nan a kafa. Nan a tokare.
Ƙofa ta ba iska baya.
Da ya ga mun shata gari a gefen ruwa
sai ya yi shiru.
Bara ambaliya ta narkar da ɗaki talatin da ɗaya
da hannunsa ya ɗora tubalinsu,
har da wanda aka haife ni a ciki.
Ya ce, "Ku kwashe ku hau tudu.
Ruwa ba ya manta hanyarsa."

Dare tara muna jidar duwatsu.

Yau zauren ya tsaya.
Wuta na ci a tsakiya, hayaƙi na fita ta inda ya ce.
Muka zaunar da mutanenmu a kewayenta,
ba sara, ba farauta,
sai muryar Mudassir na tsinkewa tana dawowa:
yaya Inna, an fara dashen albasa?
Rabon da mu zauna ɗaki ɗaya da shi
sallah uku ke nan.

Caji ya rage kashi huɗu.
Tasi'u ya fara nannaɗe wayoyi.

Na bi ta tsohuwar unguwa zuwa gida,
ta cikin kangayen da ciyawa ta gada.
Can a bayana tocila ta haska,
muryar tsohon na biye da ita:
"Kai, jan gemu!
Gobe da asuba akwai kwaɓin ƙasa a tudun gabas.
Ka taho da ɗaya Baikin ɗin.
Nan in rufi ya danne mutum, ba a sake tashi."