Ma'aunin Daren Alhamis

Daren Alhamis, a saman gidan burodin Don Nibaldo,
unguwar da ta maƙale a ƙirjin tudun Valparaíso,
mu huɗu, da tebur mai gajerar ƙafa
da muka tokare da littafin dokoki, tsohon bugu.
Ni ke jan labari. Su ke riƙe da 'ya'yan lido
masu fuska ashirin, da fensir, da gardama.

Maite ce ta taɓo zancen.
Ta danna yatsa a takardarta:
"Jarumata 'yar Adam ce, shekara talatin da ɗaya.
Ta ƙarar da idonta a ɗakin karatu,
maki shida na zuba mata a Sanin Tarihi,
na hana ta takobi, na hana ta doki.
Shi Baltasar, don ya ɗauki ɗan kurmi mai dogon kunne,
mai shekara ɗari huɗu,
an ba shi bakwai a ɓagas, ko shafi bai buɗa ba.
Wannan ai kashin dankali ne."

Baltasar ya kurɓi shayi, ya yi murmushin magaji:
"Ke karanta yaƙin kika yi. Ni a gabana aka yi shi."

Fresia, mai wada mahaƙin ƙasa, ta ce, "To ni fa?
Na san kowane dutse har sunan kakansa,
wata uku ba a tambaye ni ko tsakuwa ba.
Kullum teku kake kai mu."
Gaskiyarta. Na sosa ƙeya.

Suka watse, na zauna da alƙaluma.
Na rage wa ɗan kurmi uku, ya koma ɗan Adam mai kunne.
Na ƙara wa 'yar Adam biyu, tsufa ya tashi a banza.
Na yi ta goge har takarda ta huje.
Can ma'auni ya tsaya cak,
duniyar kuwa ta yi lami:
kowa ya san abin da kowa ya sani,
miya ce ba yaji, ba mai tari, ba mai lasar yatsa.

Da asuba na ji an buɗe tanda, na sauko.
Don Nibaldo, tamanin da ɗaya, gari har gira.
Na ce, "Wace shekara jirgin nan ya kife a gaɓa?"
Ya ce, "Shekara? Oho.
Ranar dai ƙulluna ya ƙi tashi,
Eulalia na sanye da jar riga,
iska na warin kwalta da lemo."
Jikarsa, daga bayan kanta, ba ta ko ɗago ba,
ta faɗi shekara, da wata, da yawan waɗanda suka nutse.
"Kuma Kaka ba ta da jar riga," in ji ta.
"Tana da ita," in ji shi.

Alhamis ta zagayo, na zo da doka a bayan rasit:
Mai dogon rai, in ɗan lidonka ya faɗi da kyau,
zan ba ka wari, da fuska, da wanda ya fara gudu,
amma ban rantse maka ba; tsoho na ƙara wa jiya gishiri.
Mai karatu, zan ba ki suna da rana da taswira,
ki dai tuna wanda ya ci yaƙin ne ya riƙe alƙalami.
In kuna son gaskiya, ku haɗa kai, ku yi ciniki.
Sannan na kifar da jirginsu a bakin wani kogo,
duk bangonsa rubutun jijiyar dutse.
Fresia ta gyara zama, ta naɗe hannun riga.

Maite ta ƙirga, ta sake ƙirgawa:
"Har yanzu ya ɗara ni da ɗaya."
Na ce, "Jefa."

Ta jefa. Tebur ya karkata yadda ya saba,
ɗan lido ya gangara, ya shige ƙarƙashin kabad.
Ga mu nan mu huɗu a durƙushe,
da fitilar waya, da kumatu a ƙasa,
kowa na cewa kar wanda ya taɓa.