Tambaya ta Goma Sha Bakwai

An ba ni tambaya ashirin da huɗu,
an ba ni hula mai tambarin kamfani,
aka ce, "Jega, ranar kasuwa. Kawo amsa ɗari."
Na sauka a tasha da rabin caji.

Na fara da Nomau mai albasa,
buhunansa jajaye, daga Aliero.
"Layi nawa kake aiki da shi?"
Ya zaro waya biyu a aljihu, ta uku a cikin hula.
"Wagga ta kira ce, wagga ta kuɗɗi,
wagga kau sai na hau tudun gona taka magana."
Fom ya ce in zaɓi ɗaya.
Na zaɓa masa. Allah ya yafe mini.

Hansatu na ƙarƙashin lema da na'urar cirar kuɗi.
"Sau nawa sabis ke yankewa a yini?"
Ta yi dariya har mayafi ya zame:
"Tambaye ni sau nawa yake zuwa."
Jiya, in ji ta, wani ya tura kuɗin shinkafa,
alat ya ƙi shigowa,
ya zauna kan benci, shi ne jinginar kansa,
ya ci ɗanwakenta, ya koyi sunan ɗanta,
sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara.
Babu gurbin ɗanwake a fom ɗina.

Cindo ya sayar da janareta, ya kafa sola.
Wayoyi arba'in kwance a teburinsa
kamar 'yan tsaki sun dafe kasko.
Ya san wanda ciniki ya buɗe wa:
shi ke dawowa caji sau biyu.

Tambaya ta goma sha bakwai:
me fasaha ta canza a sana'arka?
Gado mai busasshen kifi, mutumin Yawuri,
ya daɗe yana kore ƙuda kafin ya amsa.
"Akwai wani a Ibadan.
Shekara uku ina tura mai hoto, shina turo kuɗi,
ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Watan jiya na kira, ɗansa ya ɗauka.
Na zauna nan, bayan kwandon ga,
na yi ma murya kuka.
Rubuta wannan."

Gurbin na ɗaukar harafi arba'in kacal.
Na rubuta: ya samu abokan ciniki a nesa.

Da dare na tsaya a bakin titi,
hannu sama, ina neman sanda biyu,
da'ira na ta juyawa a kan gilashi.
Can a ofis za su mai da mu zane,
layi mai hawa, shuɗi, kan farin bango,
wani ya nuna da biro ya ce kasuwa na girma.
Gaskiya ne, tana girma.

Amsa tamanin da ɗaya ta tafi.
Rigata har yanzu warin kifi take.