Ƙamshi Ba Ya Shiga Waya

Ranar Talata da asuba, a Lesta,
kafin ruwan shayi ya tafasa,
na taɓa waya na tarar da ƙofa a garƙame:
an dakatar da shafinki.
Wa ya dakatar? Ba suna, ba fuska,
ba wanda zan ce wa don Allah.
Mabiya dubu tara da ɗari huɗu,
shekara biyar ina tsintar su kamar tsabar gero,
sun watse dare ɗaya, ko sallama babu.

Na zauna a kicin, kwalabe sun kewaye ni,
hawi da kajiji, farce da sandal,
humra tana kwance tana jiran mai ita.
Ashe rumfar da nake sharewa kullum
a filin wani na kafa ta.
Inna takan ce zanen aro ba ya rufe katara.
Sai da na kai arba'in da uku, a ƙasar sanyi,
maganar ta iso ni.

Kwana uku ina aika roƙo,
na'ura tana maimaita min amsa ɗaya.
A na huɗu Tasalla ta zo karɓar saƙonta,
ta tsaya bakin ƙofa, ta ja numfashi,
ta ce, Barira, wannan da ya tare ni tun daga matakala,
a wane hoto kika taɓa sa shi?

Ban amsa ba.

Daren nan na yi ƙulli sittin, ƙanana,
kowanne da kati, sunana da lambata,
fam goma sha takwas mai bugawa ya karɓa.
Na bi titin Evington da jaka a kafaɗa,
kunya na ja na baya, kuɗin haya na tura ni gaba.
Hodan mai shagon abaya ta shinshina,
ta ture kwalin safa ta ba ni gefen kanta.
Tanimu mai aski ya ce bar goma,
maza ma suna da mata.
A gidan wanki aka ce a'a, har sau biyu.
A allon masallaci na sami gurbi
tsakanin ɗakin haya da mai koyar da tuƙi.

Asabar na kafa tebur a kasuwa.
Ruwa bai ɗauke ba.
Wani mai riga ruwan ɗorawa ya ce kashe garwashin,
na kashe, na ari wutar mai sayar da kofi.
Huɗu kawai na sayar.
Ta huɗun wata tsohuwa ce, Morin,
ta rufe ido a kan hayaƙin,
ta ce cocinsu na ƙuruciya ya dawo mata,
ta ba ni lambarta ban tambaya ba.

Ita ce ta farko a littafin.
Mai baƙin bango, daga shagon fam ɗaya.
Yau suna ɗari biyu da sha biyu ke ciki,
da hannuna na rubuta kowa:
wadda za ta aurar da ƙanwa a watan takwas,
wadda ƙirjinta ba ya son mai ƙarfi,
wanda ke saya wa uwarsa a Kobentiri
ya ce kar a gaya wa matarsa farashi.
Farkon wata nakan aika musu gaisuwa,
in kira wasu, mu taɓa hira kafin ciniki.

Bayan mako bakwai suka buɗe shafin.
Ba haƙuri, ba bayani.
Na shiga kamar mai komawa gidan haya,
na duba ko an taɓa min kaya.
Har yanzu nakan sa hoto ranar Juma'a,
rumfa ce, ba na raina ta.

Littafin kuwa yana cikin durowa,
ƙarƙashin fasfo,
duk ya kama ƙamshin hawi.