Jakin Babban Goge

Todu ya shigo rumfata a Garwa bayan la'asar,
rungume da gogen da ya fi shi tsawo.
Kontirabas, in ji shi.
Na ce, to, a ba baƙuwa tabarma.

Ni ɗan inji ne, noti da zare sana'ata,
kiɗan da na sani na guduma ne.
Ya nuna min ɗan katako mai ƙafa biyu,
tsirkiya huɗu sun hau gadon bayansa.
Na ce, mu jaki muke kiransa.
Ya ce, to jakin nan ba ya jin magana:
in Binuwai ta cika, itace ya sha danshi,
tsirkiya ta yi sama, yatsu su yi kanta.
In zafin bazara ya sauko, ta kwanta tana zuza
kamar zanzaro a gwangwani.

Sai muka yanke wa jaki ƙafafu.
Na dasa masa ƙarfe mai zare da ɗan faifai,
a murza nan ya miƙe,
a murza can ya durƙusa.

Faifan farko alminiyam ne, gindin tsohuwar tukunya.
Ya ja baka. Murya ta fito da kaifi,
dattijo ya ari bakin yaro.
Todu ya yamutsa fuska.

Na biyu tagulla, daga kan famfon da ya mutu.
Ta yi zurfi, amma tana makara,
mai amsa sallama daga ƙasan rijiya.

Kwana uku ban karɓi aikin babur ba.
Na samo kanya a wurin masassaƙi,
injina bai saba da ita ba, ya ci biyu ya zubar,
na uku da na huɗu suka tsaya.

Kunnena na hagu inji ya cinye shi tuntuni.
Todu ya kama hannuna da baƙin mai
ya ɗora a cikin baƙuwar, ya ja.
Ta bi ta gwiwar hannu ta sauka a ƙirjina,
wasoshi suka hau rawa a kan benci,
mai shayi na tsallake ya dakata da zubi.

Na ce, ta dawo?
Ya ce, saura kaɗan.
Kaɗan ɗin yana cikin abin da muka yanke.

Ya biya, ya goya ta, ya bi hanyar gada.
Guntayen ƙafafun nan biyu
suna cikin gwangwanin noti har yau.
Na kasa sharewa.