Ƙunshi a Gidan Maƙwabci

Ƙarfe biyu saura na dare a Dundee.
Hita na tari a jikin bango, shayi ya huce a kofi,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Gobe da hantsi zan miƙa lissafin kifayen kogin Tay,
ƙidayar shekara goma sha ɗaya,
saura layi guda ya zana mini su a hoto.

Na ce wa Faiton: ɗauko mini ƙunshin nan.
Ya ce bai san shi ba.

Ba jiya na sauke shi ba?
Da idona na ga sandar ta cika taf.
Na sake saukewa, allo ya ce:
ai yana nan tuni, malam.
Na sake kira, rubutu ya fito ja wur:
babu mai wannan suna.

Wannan na cewa akwai, wancan na cewa babu,
cikin kwamfuta guda, ƙarƙashin tafin hannuna,
kuma ba wanda muryarsa ta yi rawa.

Na bi haruffa ɗaya ɗaya
ko na sa babba inda ƙarami ya dace.
Na kashe na kunna, jiƙon da ake ba kowace cuta.
Na goge, na girka, na ja tsaki,
na zagi wani bawan Allah da ban taɓa gani ba,
na dawo na yi istigfari.

Hansatu na aikin dare a Leicester, idonta biyu.
Na tura mata hoton allo.
Ta ce: Sallau, sai tambaya kake ina kaya.
Tambayi tukuna, wa kake aike?

Matambayi ba ya ɓata.
Na rubuta: kai wane ne, ina gidanku?
Amsa ta zo, doguwar hanya mai lungu cikin lungu.
Ashe su biyu ne, suna ɗaya.
Akwai tsoho, da shi na'urar ta zo daga kanti,
yana can ƙasa, ba ya cewa uffan.
Akwai sabo, ni na kawo shi watan jiya
na kuma manta.
Sabo na danƙa wa kaya,
tsoho na tsare da tambaya,
don shi ke kan gaba a layi,
in an kira sunan, shi ke cewa na'am.
Ya leƙa ɗaki na farko, na biyu, na uku,
iyakar inda aka taɓa nuna masa,
ya dawo hannu Rabbana.
Bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya.

Sai na tuna yajin da Gwaggo Dije ta aiko bara.
Takarda ta ce an kai.
Mako uku ina sa-in-sa da gidan waya,
ashe yana lamba goma sha huɗu,
ni kuwa ina goma sha huɗu da harafi a wutsiya.
Yana kan firjin Mista Gallacher,
dattijon na ta atishawa bai san dalili ba.

Na keɓe ɗaki, na sa sabo ciki,
na kira shi da cikakken adireshinsa.
Na ce: wanda zai buɗe kaya,
shi zai sauke su da hannunsa.
Na danna.

Shiru.
A nan garin, shiru shi ne to.

Hoton ya buɗe a hankali.
Layin kifaye ya tashi daga hagu da ƙarfinsa,
ya gangara, ya ɗan farfaɗo a shekara ta shida,
ya ci gaba da gangara.

Na duba hanya, hanya daidai take.
Na duba suna, ba harafin da ya kauce.
Na matso da taga, can ƙasa kogi baƙi ƙirin,
fitilun gada na kwance a kansa.
Waɗannan ba gidan maƙwabci aka kai su ba.

Hansatu ta rubuto: ya samu?
Na daɗe ina riƙe da waya.