Mai Lamba Sha Bakwai

A Kumo na taso, gindin rumbun Baffa,
inda ɓera ba shi da suna sai ɓarawo.
Tarko na saba ɗana masa, da ƙuli-ƙuli a baki.
Yau ga ni a Gombe, farar riga har gwiwa,
ina auna masa tsaki, ina sauya masa ruwa,
har sannu da kwana nake yi masa.

Su arba'in ne, farare, idanu kamar murjani,
kowa da ƙullutu a cinya. Mu muka dasa.
Allah Ya yafe mana.

Dakta Lamela ta raba su gida huɗu.
Wasu aka bar su da ciwonsu,
wasu aka kai ɗaki mai ƙofa ta fi ta banki kauri,
aka gasa ƙarin da hasken da ido ba ya gani.
Wasu allura, ƙwayoyin cuta da aka karya wa lago.
Gidan ƙarshe, duka biyun.

Na ce, Dakta, cuta a kan cuta?
Wa ke kashe gobara da kananzir?
Ta ce, Bappayo, daji ɗan gida ne,
shi ya sa kare ba ya yi masa haushi.
Baƙo muke turawa cikin dare ya yi tuntuɓe da kwanuka,
masu gadi su zabura da sanduna,
su tarar haske ya kware wa ɗan gidan mayafi,
su ga fuskarsa.

Mako uku ina awo da ɗan ƙarfe mai baki.
Na tara ya mutu ran Laraba, zazzaɓi.
Na sha bakwai, mai yagaggen kunne,
ƙullutunsa daga gyaɗa ya koma wake,
daga wake, gero.
Yau na shafa, na sake shafawa: fata da ƙashi.

Sai na tuna Goggo Dudu,
da ƙirjin da ta ɓoye mana damina biyu,
da motar asuba daga Tashar Dukku
wadda ta dawo da zanenta a leda.

Dakta ta ga hannuna yana rawa.
Ta ce, ɓera ba mutum ba ne,
kada ka je gida ka ce an samu.

Ban ce ba.
Na rubuta sifiri gaban sha bakwai,
na ƙara masa gyaɗa ɗaya da ba ta cikin lissafi.