Abin Da Ke Jan Gora

Hansatu ta zo hutu daga jami'a,
ta biyo ni kwalekwale bayan isha'i
har tsakiyar dam ɗin Dadin Kowa,
inda fitilun gari ba sa isowa.

Na nuna mata Kaza da 'ya'yanta,
na ce, waɗannan tun ina goye na san su.
Ta ce, "Baba, masu surutu kaɗai ka sani.
Akwai taurarin da ba sa nuna kansu.
Wasu sun cinye wutarsu, sun huce a tsaye,
wasu nauyi ya yi musu yawa,
ko haske ya faɗa gidansu ba ya fitowa."

Na ce, to wa ya je ya kawo muku labari?
Ai gani ya kori ji.

Ta ce, "Maƙwabci muke tsarewa.
Tauraro guda, dare dubu ana auna shi
da madubin hangen nesa,
sai a ga yana tangaɗi,
ya karkata nan, ya koma can,
kamar mai kokawa da wanda ba ya fili.
Daga tangaɗin ake lissafo
nauyin abokin, da nisan da ke tsakani."

Ban tanka ba. Gorar mamari nake kallo,
ta nutse, ta taso,
ta sake nutsewa, ta daɗe.
Na ce, riƙe min fitila.
Wannan ba karfasa ba ce,
ita tsattsaga take yi kamar kaza a bola.
Wannan jan na giwan ruwa ne,
zai kai ƙirjinki in an tsayar da shi.
"Ka gan shi?" in ji ta.
Na ce, shekara talatin ina kiran sunan kifi
kafin ya nuna min fuska.

Muka ja, ya ja.
Ya tsinke ƙugiya ya yi gaba abinsa,
bai bar mana ko ɓawo ba,
sai zanen igiya a tafin hannuna.
Ta haska, ta daɗe tana karantawa.

Kan hanyar gida na kauce hagu.
Ta ce, "Me ka gani? Ruwa ne shimfiɗe."
Na ce, ƙauyenmu na nan ƙasa.
Tsamiyar da kakanki ke saƙa koma a gindinta
har yau ba ta faɗi ba, raga take ci.
Yaran da aka haifa bayan ruwa ya hau
ba wanda ya taɓa ganinta,
amma duk jirgin da ya zo nan sai ya rusuna.

Ta sa hannu a ruwa, ta yi shiru.
Ni kuwa na ɗaga kai,
ba taurarin nake duba ba,
baƙin da ke tsakaninsu nake wa sallama.